Dillalin Da Ba Mu Kira Shi Ba

Yau maganar dillali za mu yi.

Duk ɗan Kano ya san dillali. Mai kaya na da kaya, mai saye na da kuɗi, dillali ya haɗa su, ciniki ya faɗa, a ba shi la'adarsa, kowa ya tafi yana murna. Sana'a ce tsohuwa mai mutunci, Kurmi da Kantin Kwari sun san darajarta. Amma akwai wani iri da 'yan kasuwa ba sa so. Kai ka riga ka san shagon da za ka, ka san kayan da kake so, sai kawai ya biyo bayanka ya shige tare da kai, yana ta nuna maka abin da ba ka tambaya ba. Kana fita ya koma wurin mai shago ya ce, "Alhaji, ni fa na kawo shi." Bai tsinana komai ba, amma ya ci la'ada. Wani ma ba ya tsayawa nan, kana ƙirga kuɗi yana leƙen aljihunka.

Irin wannan dillalin ya daɗe da shiga intanet. 'Yar ƙaramar manhaja ce da ke zuwa da sunan mai taimaka maka sayayya: wai za ta nemo maka rangwame, ta kwatanta maka farashi tsakanin shaguna, ta sanar da kai ranar da aka karya kuɗin takalmin da ka daɗe kana kallo. Sunanta kan zo da kalmomi irin su Deal, Coupon, Shop ko Save. Da ka ba ta wuri sai ta maƙale a jikin burauza, wato manhajar da muke buɗe shafukan intanet da ita, kamar Chrome, Firefox, Edge ko Opera. Daga nan ta fara ainihin aikin da ya kawo ta: cusa talla, bin sawu, da cin la'adar da ba ta yi wa gumi ba.

Wani zai ce, to mu 'yan makaranta ina ruwanmu? Wa ya ba mu kuɗin sayayya a intanet? Da ruwanmu tsundum. A Dakata da Kawaji da Gama da Birget da Tudun Murtala, gidaje da yawa albashin masana'anta ke riƙe da su. Baba ko Yaya ya yi sammakon Bompai, wani ya hau mota har Sharada ko Challawa, a yini ana fama da injin roba ko jimar fata. Ƙarshen wata, albashin nan ta waya yake shigowa. Wayar kuma ba tasa ba ce shi kaɗai. Da ita Mama ke karɓar kuɗin ɗinki, da ita ake duba aikin gida, da ita autan gida ke buga wasa. Idan ta fara ciwo wa ake miƙa wa? Ku. "Kai ɗan boko, zo ka duba min wayar nan, wasu hotuna ne ke ta fito min." A gidaje da yawa ɗan sakandare shi ne injiniyan gida, kuma sau da yawa ta hannunsa baƙon ya shigo ba tare da ya sani ba. Tunda haka ne, gara ya san aikin.

Bari mu fara da inda kuɗin yake. Manyan shagunan intanet irin su Amazon da AliExpress da Jumia suna da tsarin la'ada na gaskiya. A ce wata baiwar Allah tana tallata jaka a YouTube, ta sa adireshi a ƙasan bidiyonta. Idan ka latsa adireshin, sai a ajiye wata 'yar alama a cikin burauzarka, ana kiranta kuki. Kamar rubutun da ake yi a jikin buhu ne a Dawanau don a san na wane ne. Ranar da ka sayi jakar, shagon zai duba alamar ya biya mai ita. Shi kuwa dillalinmu abin da yake yi shi ne, ya jira sai ka zo biyan kuɗi, ya goge rubutun waccan baiwar Allah ya sa nasa. Idan ma da ƙafarka ka je, ba wanda ya aiko ka, buhun ba rubutun kowa, zai rubuta sunansa.

Za ka iya cewa ai wannan tsakaninsu ne, ba daga aljihuna aka cira ba. Nan ne gizo ke saƙar. Kafin ya san ka shiga shago, dole sai ya ga duk inda kake shiga. A kwamfuta, irin waɗannan manhajoji suna zuwa ne a matsayin ekstenshan, wato ƙari da ake liƙa wa burauza. Lokacin da za a liƙa shi, Chrome kan fito da ɗan akwati mai ɗauke da wannan rubutu: "Read and change all your data on all websites." Ma'anarsa, ka yarda wannan abu ya karanta, kuma ya sauya, duk bayananka a duk shafukan da ka buɗe. Duka. Da shafin shago, da na imel, da na duba sakamakon NECO, da na banki. Mutane kan latsa amincewa ba su karanta ba, saboda hankalinsu na kan rangwamen da aka yi musu alkawari.

A watan Agustan 2022 masu bincike na kamfanin tsaron kwamfuta na McAfee suka bankaɗo ekstenshan biyar a rumbun Chrome da aka sauke sau kusan miliyan 1.4. A watan Satumba na wannan shekarar, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta gargaɗi 'yan Najeriya a kansu. Biyu daga ciki dillalan sayayya ne fili: FlipShope mai bibiyar farashi, da AutoBuy Flash Sales. Ɗaya na ɗaukar hoton shafi ne. Sauran biyun, Netflix Party da Netflix Party 2, wai don abokai su kalli fim tare kowa na gidansa, kuma su ne suka fi kwasar jama'a: na farkon an sauke shi sau 800,000, na biyun sau 300,000. Kamfanin Netflix ba shi da hannu a ciki, sunansa kawai aka ara.

Abu biyu ne suka fi jan hankalinmu a wannan labari. Na farko, manhajojin suna yin aikin da suka ce za su yi. Mai ɗaukar hoto yana ɗauka. Don haka ba ka da dalilin zargi. Amma a bayan fage, duk shafin da ka buɗe suna aika adireshinsa zuwa ga masu su, haɗe da wata lamba da ta keɓanta da kai da kuma ƙasa da garin da kake. Idan shafin shago ne da suke da tsarin la'ada da shi, sai su cusa alamarsu. Na biyu kuwa, wasu daga cikinsu ba sa motsi sai sun yi kwana 15 da shiga. Ka ga dabara. Wanda ya duba su a ranar farko zai ce lafiya lau, kai kuma lokacin da abin zai fara ka ma manta ka saka wani abu.

Wanda ya fi wannan muni ya faru tun wasunku suna renon yara, kuma ya kamata ku san shi, don shi ne ke nuna inda dillali zai iya kai gida. Daga cikin shekarar 2014, kamfanin Lenovo ya fara sayar da wasu laftof ɗinsa ɗauke da wata manhaja mai suna VisualDiscovery ta kamfanin Superfish. Ba mai saye ne ya saka ba, a cikin kwali aka same ta. Aikinta, idan kana kallon hoton kaya a wani shago, sai ta fito maka da makamantansa daga shagunan da take hulɗa da su. Taimako ke nan, a cewarsu.

Matsalar ita ce, shafuka masu muhimmanci a rufe suke magana da burauza. Idan adireshi ya fara da https, kamar wasiƙa ce a cikin ambulan da aka liƙe, kuma shafin yana nuna wa burauza takardar shaida cewa shi ne da gaske. Dillali ba zai iya cusa talla a cikin rufaffen ambulan ba. To sai Superfish ta dasa tata takardar shaidar a cikin kwamfutar, ta sa burauza ta yarda da ita. Duk wasiƙar da ta zo, ko daga banki ce, sai ta farke ta, ta karanta, ta sake liƙewa da hatiminta, mai kwamfuta kuwa yana ganin ɗan hoton kwaɗo a kusa da adireshi yana zaton komai a kulle yake. Bugu da ƙari, makulli ɗaya tak aka yi amfani da shi a duk kwamfutocin. A watan Fabrairun 2015 wani masanin tsaro mai suna Robert Graham ya zauna ya fasa kalmar sirrin makullin cikin 'yan sa'o'i. Kalmar ita ce "komodia", sunan kamfanin da ya ƙera wannan ɓangaren na manhajar. Kamar mutum ne ya kulle shago ya rubuta lambar kwaɗon a jikin ƙofa. Daga ranar, duk ɓarawon da ya iya aikinsa, idan yana kan Wi-Fi ɗaya da mai irin wannan laftof, zai iya yin shigar banki ya karɓi bayanansa ba tare da burauza ta yi ƙorafi ba. Ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka ta ce a cire ta, Lenovo ya ba da haƙuri ya fitar da manhajar cirewa, sannan a watan Satumban 2017 ya amince ya biya jihohi 32 na Amurka dala miliyan 3.5.

Me ya sa muka daɗe a kan tsohon labari? Saboda laftof ɗin da Turawa suka gama da su, su ne ke sauka a Beirut Road da Farm Centre, su ne kuma iyayenmu ke iya saya mana. Kada hankalinku ya tashi: yawancinsu an goge su an zuba sabuwar Windows tun tuni, kuma ƙirar ThinkPad ba ta cikin waɗanda abin ya shafa. Amma mai tsohuwar Lenovo ta wancan zamani ba zai yi asara ba idan ya rubuta certmgr.msc a wurin bincike na Windows, ya buɗe Trusted Root Certification Authorities, ya duba ko akwai sunan Superfish, in ya gani ya goge. A lokacin, waɗanda suka cire manhajar kawai sun bar takardar shaidar a baya, ƙofar tana nan a buɗe. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi wajen maganar cirewa.

Ba ƙaramin lamari ba ne kuma. A 2015 Google ya bayyana cewa fiye da kashi 5 cikin 100 na masu ziyartar shafukansa suna ɗauke da aƙalla manhajar cusa talla ɗaya, ya kuma kashe ekstenshan 192 da suka shafi mutum miliyan 14. Ko manyan da ake ganin mutuncinsu ba su tsira daga zargi ba. Honey, mai nemo rangwame da PayPal ya saya kan kusan dala biliyan 4 a 2020, an zarge shi a watan Disambar 2024 da sauya alamar la'adar masu bidiyo da tasa. PayPal ya ce yana bin ƙa'idar kasuwar, amma a watan Maris na 2025 Google ya tsaurara doka: ba ekstenshan ɗin da zai cusa alamar la'ada sai in mai saye ya amfana da wani abu a zahiri. Ba muna cewa duk ekstenshan ɓarawo ba ne, mu ma a jami'a akwai waɗanda muke amfani da su kullum. Amma duk wanda ya zo kyauta ya nemi ganin komai, ya kamata a tambaye shi wa ke biyansa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

To, yawancinku waya kuka fi riƙewa ba kwamfuta ba. Chrome ɗin wayar Android ba ya karɓar ekstenshan, don haka dillalin ta wasu ƙofofi yake bi. Akwai manhajar da aboki ya turo ta Xender ko WhatsApp, ko wadda aka sauke daga wani shafi don an ce ita ce "ta kuɗi amma kyauta". Akwai saƙon nan da ke yawo a guruf-guruf, musamman a watan Nuwamba lokacin Black Friday, ɗauke da tambarin wani babban shago, wai ana rabon waya ko data, ka amsa tambaya uku, ka tura wa guruf biyar. Shagon bai san da zancen ba. Sai kuma wadda ta fi kama mutane, don ba a ma sauke komai: ka shiga wani shafi neman fim ko tsofaffin tambayoyin WAEC, sai a ce latsa Allow don a tabbatar kai mutum ne, ko don bidiyo ya buɗe. Abin da ka amince da shi a zahiri shi ne shafin ya riƙa turo maka sanarwa duk lokacin da ya ga dama. Washegari saman allo ya cika da "ka ci kyauta" da "wayarka ta kamu da cuta".

Wani lokaci ma da cutar ake sayo wayar. A watan Agustan 2020 sashen Secure-D na kamfanin Upstream ya ba da rahoton samun miyagun manhajoji biyu, Triada da xHelper, a cikin wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 a ƙasashen da suka haɗa da Habasha, Ghana, Kamaru da Afirka ta Kudu. Suna shigar da mutum tsarin da ake cirar kuɗi a ɓoye, kati da data suna ta zurarewa. Kamfanin Transsion mai Tecno ya ce ta hannun wani mai kawo masa kayan haɗi abin ya shiga, kuma ya fitar da gyara. W2 tsohuwar ƙira ce, ba muna cewa kowa ya jefar da Tecno ɗinsa ba. Mun kawo shi ne don xHelper ya yi suna da dawowa ko an goge waya kakaf, wato akwai ciwon da ya fi ƙarfin injiniyan gida.

Asarar kuwa a fili take. Duk bidiyon tallar da ya buɗe kansa, da datarku aka ɗauko shi, ga shi tun Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har da kashi 50 cikin 100. Batir na ƙarewa da wuri a garin da wuta sai an ga dama, waya na zafi tana nauyi. Tallar kuma ba mai tacewa: caca, bashin gaggawa, maganin ƙarya, da hotunan da ba su dace ba. Wannan na ƙarshen ya ja wa yara da yawa faɗa, har da duka, a kan abin da ba su buɗe ba. Idan ya faru a gidanku, ku yi wa iyaye bayani cikin ladabi, ku nuna musu daga inda sanarwar ke fitowa. Mafi haɗari shi ne tallar da ke kai mutum shafin bogi mai kama da na banki ko na OPay ko PalmPay, a ce ya saka lambar sirri, BVN ko lambar OTP. Nan ne gumin wata guda a Challawa ke tafiya cikin minti biyu.

Gane shi ba wuya. Talla tana fitowa a inda ba a saba ganinta ba, misali a Wikipedia, wadda ba ta ɗaukar tallar kaya ko kaɗan. Shafin farko na burauza ya sauya da kansa. Ka rubuta tambaya, maimakon Google sai wani baƙon shafi ya amsa. Ka latsa wuri ɗaya, shafi uku su buɗe. Ko kuma talla ta rufe allon waya alhali ba ka cikin kowace manhaja.

Mu zo cirewa. A kwamfuta, kada ka fara da burauza, fara da saiwa. Shiga Settings na Windows, ka buɗe Apps, ka jera manhajojin bisa ranar da aka saka su. Duba waɗanda suka shigo dab da lokacin da matsalar ta fara, ka tuna da dabarar kwana 15 ɗin nan, ka ɗan ja baya. Irin waɗannan kan biyo wata manhajar kyauta, kamar mai sauke bidiyo ko mai juya PDF, lokacin da aka yi ta latsa Next ba karatu. Wadda ba ka gane ba, bincika sunanta tukuna, kada garin korar dillali ka cire abin da ke sa sauti ko Wi-Fi aiki. Bayan nan ka buɗe Chrome, ka rubuta chrome://extensions a wurin adireshi. Duk wanda ba kai ka saka ba, ko ka saka amma ka yi wata ba ka taɓa shi ba, latsa Remove. Kashewa kawai ba ta wadatar ba. Ka yi haka a kowace burauza da ke cikin kwamfutar, don shi ba ya zama ɗaki ɗaya. Sannan a Settings na Chrome ka nemi Reset settings ka mayar da komai yadda ya zo. Wannan ba ya goge shafukan da ka adana ko kalmomin sirrinka.

Saura saiwar da ke ɓuya. Latsa dama a kan alamar Chrome da ke allo, ka zaɓi Properties, ka duba layin Target. Ya kamata ya ƙare da chrome.exe. Idan ka ga an liƙa wani adireshi a bayansa, goge adireshin. Idan kuma Chrome na cewa "Managed by your organization" alhali kwamfutar gida ce, ba ta makaranta ko ofis ba, ko maɓallin Remove ya ƙi latsuwa, akwai yiwuwar baƙon ya naɗa kansa mai gida. A nan sai a sa Microsoft Defender, wanda ke zuwa da Windows, ya yi cikakken bincike, a ƙara da AdwCleaner na Malwarebytes, kyauta ne kuma don irin wannan aka yi shi. Daga shafin kamfanin kawai za a sauke shi. Kada ka taɓa sauke "maganin cuta" daga tallar da ta ce kana da cuta, domin mai cutar ne ke tallar maganin.

A waya, fara da mai sauƙi, don sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa. Buɗe Chrome, latsa ɗigo ukun nan na sama, Settings, Site settings, Notifications. Za ka ga jerin shafukan da aka ba izinin turo sanarwa. Toshe duk wanda ba ka sani ba. Idan talla na ci gaba da rufe allo, to manhaja ce. Da tallar ta fito kada ka rufe ta, latsa maɓallin da ke nuna manhajojin da ke buɗe, sau da yawa za ka ga suna ko alamar mai laifin a sama. Ka kuma shiga Settings, Apps, ka bi jerin har ƙasa, don wasu ba su da suna ko hoto, fili ne kawai fari. Duba wace ce ta fi shan data: idan manhajar tocila ko kalkuleta ta fi WhatsApp ci, ba sai an yi dogon bincike ba. Idan ta ƙi ciruwa, nemi Device admin apps ka ƙwace mata iko, ka leƙa Accessibility da Display over other apps ka yi mata haka nan. Idan tallar ba ta barin ka yi komai, shiga Safe mode. A wayoyi da yawa, ka danne maɓallin kashewa, sannan ka danne Power off da ke allo har tambayar ta fito. A can manhajojin da aka sauke ba sa motsi, sai ka cire ta cikin natsuwa. Ka gama da buɗe Play Store ka sa Play Protect ya bincika, sannan ka rufe izinin Install unknown apps ga Xender da Chrome da WhatsApp.

Goge waya gaba ɗaya shi ne matakin ƙarshe, kuma idan ta Baba ce ko ta Mama, ba a yi sai da izininsu, bayan an kwashe hotuna da lambobi, an kuma tabbatar an san imel da kalmar sirrin da ke kan wayar. In ba haka ba za a kulle kai a waje. Idan an goge kuma abin ya dawo, a kai wa mai gyara a Farm Centre ya sake zuba mata manhajar kamfani, amma a cire layi da katin ajiya, a kuma fita daga manhajar banki kafin a miƙa.

Akwai aikin da mutane ke mantawa bayan talla ta daina fitowa. Dillalin ya tafi, amma abin da ya gani ya gani. A sauya kalmar sirrin imel tukuna, don ita ce uwar sauran, sannan ta Facebook da makamantansu, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Mai asusun banki ya sauya lambar sirrinsa da hannunsa, ba ku za ku riƙe masa ba, ya duba shige da ficen kuɗi na 'yan makonnin baya, in ya ga abin da bai gane ba ya je banki da ƙafarsa. A latsa *305# a ga ko an shigar da layin wani tsarin da ake cirar kuɗi, a soke. Idan kamfanin layi ya ƙi sauraro, lambar kai ƙorafi ta NCC ita ce 622.

Kwamfutar kafe kuwa ba taku ba ce, ba ku da ikon cire mata komai. Idan kun je buga sakamako ko cike fom, ku ɗan kalli saman burauza ta dama. Idan kun ga ƙananan alamomi jere kamar rumfunan kasuwa, ko talla na tsalle a kan shafin hukumar jarrabawa, ku gaya wa mai kafen, wataƙila shi ma bai sani ba. Ku yi abin da ya kai ku, kada ku buɗe banki a can, kada ku yarda burauza ta adana kalmar sirri, kuma ku fita daga imel ɗinku kafin ku tashi daga kujera.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba manhajojin bashin gaggawa da abin da suke yi da lambobin da ke cikin waya.